Rabon Na Kurmi

A gidanmu na Argungu akwai wata gonar fadama wadda ba ta cika kadada biyu ba, wadda tun ina yaro nake jin ana kiranta "rabon na Kurmi". Ban taɓa tambayar dalilin wannan suna ba, domin kuwa yaro ba ya bin diddigin sunan gona, abin da ya dame shi kawai shi ne tsaron tsuntsu da aka ɗora masa. Sai da shinkafa ta yi daraja, watau bayan da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi cikin 2015, aka kuma buɗe babban injin casa a Argungu cikin 2017, sa'an nan 'ya'yan wan kakana, waɗanda nake kira baffanni, suka tuna cewa sunan nan yana da asali, kuma asalin nan yana iya fitar da gonar daga hannun mahaifina.

Ga yadda maganar take. Kakana ɗan ci-rani ne. Tun yana saurayi, in an kawar da amfanin gona sai ya bi ayarin samari su nufi ƙasar Gwanja, su yi dako a kasuwar Kumasi ko su yi ƙwadago a gonakin koko, kafin ruwa ya sauka su komo da kuɗin haraji da 'yan tufafi. Tafiyarsa ta ƙarshe ya yi ta ne cikin 1961, ya bar kakata da cikin mahaifina, bai sake komowa ba. Mahaifinsa kuwa ya rasu a shekarar da aka kashe Sardauna, tsakanin ƙaramar Salla da babba, watau farkon 1966. To, a fiƙihun Malikiyya da kotunanmu suke bi, jika ba ya cin gadon kakansa muddin akwai ɗa namiji da rai. Saboda haka in kakana yana raye ran da mahaifinsa ya cika, to yana da rabo, rabon nan kuma ya gangaro ga mahaifina. In kuwa shi ya riga tsohon tafiya, ko da da kwana ɗaya ne, mahaifina ba shi da ko taki ɗaya a fadamar nan ta fuskar gado. Watau dukan rigimar gidanmu ta rataya ne a kan ranar mutuwar wani ɗan dako wanda ba wanda ya ga kabarinsa.

Ni aka ɗora wa neman wannan rana. Hujjar mahaifina ita ce ni ne mai karatun Hausa a jami'a, na iya boko na iya ajami, kuma a ganinsa duk abin da ya faru a zamanin Turawa da na En'e yana nan rubuce a wani wuri, sai dai a rasa mai nema. Ni ma a lokacin haka na zata.

Na fara da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, tun da yake a can aka tattara fayilolin tsohon Lardin Sakkwato, wanda Argungu da Gwandu suke ƙarƙashinsa. Ya kamata mai niyyar irin wannan bincike ya sani tun da wuri cewa takardun ƙasarmu sun rarrabu gwargwadon yadda mulki ya yi ta sauyawa: Jihar Arewa aka fara yi, sa'an nan ta Arewa maso Yamma a 1967, sa'an nan ta Sakkwato a 1976, kana aka yanke Kebbi a 1991. Kowane sauyi ya bar wasu takardu a baya, wasu a Kaduna, wasu a Sakkwato, wasu kuma a inda aka rubuta su. Na yi kwana tara a Kaduna. Na karanta rahotannin Razdan da na Di'o a kan haraji da jangali da ambaliyar gulbi, na kuma ga yadda suke ambaton fitar samari da rani kamar yadda ake ambaton zuwan hunturu. Abu mafi kusa da abin da nake nema shi ne ƙidayar 'yan ci-rani da aka yi a ranin 1952 zuwa 1953, inda aka zaunar da malamai a kan manyan hanyoyi da mashigan ruwa suna lissafa masu ficewa daga lardin. An ƙirga sama da mutum 250,000, kuma wani masanin labarin ƙasa, R. M. Prothero, ya yi nazari a kan sakamakon. Ina kyautata zaton kakana yana cikin wannan adadi, don shekarunsa sun kai na tafiya a lokacin. Amma jadawalin ya gaya mini daga wace gunduma aka fito, da inda aka dosa, da irin aikin da ake nema, bai gaya mini sunan kowa ba. Gwamnati ta so ta san yawan hannuwan da suke fita ne, ba ta da bukatar sanin ɗan wane ne.

A cikin waɗannan kwanaki ne na yi ta karance-karance a kan yadda wasu al'ummu suke bin sawun 'yan ƙwadagonsu, har na tarar da labarin mutanen ƙasar Finlan. Sama da mutum 300,000 daga cikinsu suka ƙaura zuwa Amurka da Kanada tsakanin 1870 da 1930, da yawansu suka ƙare a ramukan haƙar tagulla na Mishigan da na baƙin ƙarfe na Minesota. Talakawa ne tilis kamar kakana, kuma su ma talauci ne ya kore su daga gona. Amma jikan ɗayansu a yau yana iya samun sunan kakansa a jerin waɗanda aka ba fasfo, ya same shi a jerin fasinjojin da suka tashi daga tashar jiragen ruwa ta Hanko, ya same shi a littafin majami'ar ƙauyensu, in ya mutu da 'yar dukiya kuma ya sami takardar rabon gadonsa a kotun gundumar da ya mutu. Tun 1974 suna da cibiya guda a birnin Turku wadda ba ta da wani aiki sai nazarin ƙaura. Da farko abin ya ba ni haushi, na ce wa raina mu dai ba mu iya ajiya ba. Daga baya na ga ba nan gizo yake saƙa ba. Mutumin Finlan ya ƙetare teku ne, dole ya sayi tikiti, mai jirgi kuwa ba ya karɓar kuɗi bai rubuta suna ba. Kakana ya bi ta Kamba da ƙafa, ko a bayan motar goro, ba wanda ya sayar masa da abin da za a rubuta. Daga cikin masu asali da Kabi da suka zauna a can, wanda muka fi sani shi ne Alhaji Umaru Salaga, wanda ya rasu a Kete-Krachi cikin 1934, kuma mun san shi ne don shi da kansa ya riƙe alƙalami.

Wannan tunani shi ya komo da ni gida. Na ce in dai takarda kuɗi take bi, to in nemi wurin da hukuma ta taɓa karɓar kuɗi a kan gidanmu. A zamanin En'e, in alƙali ya raba gado akan cire ushira, watau kashi ɗaya cikin goma, a kai baitulmali, don haka dole a rubuta abin da aka raba. Wani dattijo da ya yi aikin magatakarda shekaru masu yawa ya kai ni ɗakin ajiyar wata tsohuwar kotu, wadda ba zan ambaci sunanta ba, inda kundaye suke jibge a ƙasa, gara ta ci na ƙasa, yoyon rufi ya manne na sama. Mako biyu muka yi muna ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, tsohon yana tari, ni ina atishawa.

A nan zan ɗan ratse, don abin da na gani ya shafi sashenmu kai tsaye. Da Larabci ake rubuta kundin, amma duk inda Larabcin muhuti ya gaza sai Hausa ta shigo da ajami. Zai rubuta jaki da riga da takobi da Larabci, in ya zo kan homa da taru da gora da kwalla da taskira sai ya rubuta su yadda masu gadon suka faɗa. A shafi guda mutum yana iya ganin abin da Bakabe masunci ya mallaka a duniya, da kimar kowane abu da fam da sule da kwabo, da sunayen matansa, da laƙabin da aka san shi da shi a unguwa. Muna ta rubuta kundayen digiri a kan kalmomin sana'ar su ta hanyar tambayar tsofaffin da suka fara mantuwa, alhali ga kalmomin nan a kwance da kwanan wata a jikinsu, gara tana cin su.

A kundin 1966 muka sami gadon mahaifin kakana. An lissafa magada, an kawo sunan kakana a cikinsu, a gefen shafi kuma aka rubuta cewa ba ya nan, yana Kurmi, an jingine rabonsa na kaya da na fadama a hannun wansa har a ji labarinsa. Wannan shi ne hukuncin wanda ya ɓace: ba a ɗauke shi matacce, ba a kuma raba abin da yake nasa, sai an sami tabbacin mutuwarsa ko kuwa shekarun da sa'o'insa ba su cika wucewa ba sun shuɗe, wanda mafi shahara a mazhabarmu shi ne saba'in. Shi ne kuma wuri ɗaya tak da na ga sunan kakana a takardar hukuma. Na daɗe ina duban sunan. Na ɗauki hoton shafin na kawo wa mahaifina, ya yi murna ƙwarai, don a ganinsa magana ta ƙare: alƙali da kansa ya ƙirga ubansa cikin masu rai.

Da na tsaya nan da ban rubuta wannan maƙala ba. Amma malamanmu sun koya mana cewa ba a rufe bincike sai an tambayi mata, kakata kuwa ta rasu tun 2019, abin da ya rage nata sai wata adaka da gwaggona take ajiye da ita. A ƙasan adakar, cikin wani ƙyalle tare da tsofaffin warwaro, na sami ambulan. An aiko shi ta gidan waya, ta hannun wani ɗan kasuwa a Birnin Kebbi. Wasiƙar ajami ce, daga wani maigida a zangon Kumasi, yana sanar da cewa kakana ya kwanta ciwon ciki kwana shida, Allah ya yi masa rasuwa, an yi masa sutura, abin da ya bari bai wuce kuɗin likkafani ba. An rubuta ranar wata, cikin Sha'aban, ba a rubuta shekara ba. Hatimin gidan waya kuma ya dushe sarai.

Wani malaminmu na Sashen Tarihi ne ya ce in bar hatimi in dubi kan sarki. Kuɗin da ke jikinsa da peni aka rubuta shi. Gana kuwa ta bar fam da sule da peni ta koma sidi da pesewa a watan Yuli na 1965. Sha'aban na ƙarshe kafin wannan canji ya faɗo ne a Disamba ta 1964. Ko da an ce wani ya yi amfani da tsohon kan sarki bayan canjin, Sha'aban na gaba ya ƙare ne cikin Disamba ta 1965, kafin azumin da aka kashe Sardauna a cikinsa. Ta kowace hanya na bi lissafin, kakana ya riga mahaifinsa mutuwa.

Ashe kakata ta sani. Lalle wani malami ya karanta mata wasiƙar, ya kuma yiwu shi ne ya gaya mata abin da take nufi ga yaron da ke goye a bayanta. Ran da aka zauna gaban alƙali aka ce na Kurmi ba a ji labarinsa ba, tana cikin gida, ambulan yana cikin adakarta. Gwaggona ta ce tana tuna wani lokaci da tsohuwar ta yi watanni ba ta sa kwalli ba ta yi kitso, aka ɗauka ciwon ido ne. Ba ta sake aure ba, kuma har ta mutu in an ambaci mijinta cewa take yi Allah ya komo da shi lafiya. Ban san yadda zan auna wannan mata ba. Shari'a tana da suna ga abin da ta yi, ni kuwa da shinkafar gonar nan aka biya mini kuɗin makaranta tun daga firamare. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba ta ƙona wasiƙar ba, alhali kullum tana gaban murhu.

Na yi sati uku da wasiƙar a cikin jakata. Wani abokina mai karatun shari'a ya ce kada in damu, akwai hukuncin hauzi, wanda ya riƙe gona shekara arba'in a gaban danginsa ba su yi magana ba, da wuya a karɓe ta, mahaifina kuwa tun 1983 yake nomanta. Wani kuma ya ce hauzi ba ya aiki a kan abin da aka riƙe bisa amana. Na uku ya ce ba wanda ya san da takardar sai ni da gwaggo, ita kuma ba ta karatu.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na sami mahaifina a zaure shi kaɗai. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, akwai wata takarda da na samu cikin kayan Iya."

Ya ce, "Mi kag gani ciki?"

Na karanta masa tun daga bisimilla har zuwa wassalam, sa'an nan na yi masa bayanin kan sarkin. Bai katse ni ba. Da na gama ya karɓi takardar yana jujjuya ta, ko da yake ba ya ganin ƙananan baƙaƙe yanzu. Tambayar da ya fara yi ba ta gona ba ce. Cewa ya yi, "Sun ce an yi mai salla?" Na ce sun faɗa, har sun ambaci cewa jama'ar zango sun taru. Ya ce, "Alhamdu lillahi."

Muka zauna shiru har aka kira la'asar. Da ya idar da salla ya shiga ciki ya sauya riga, ya naɗe wasiƙar cikin ƙyallenta ya sa a aljihun gaba. Ya ce in ɗauko hoton shafin kundin nan in biyo shi, don Baffa babba ba ya karanta ajami, ni zan karanta masa duka biyun.