Baurin bagaruwa da awon magani

Daga Dogon Dutsi har zuwa Gure, da wuya a sami kasuwar da ba a zuba bagaruwa a kan faifai ko a bakin tsohon buhu. Majemi na sayenta tiya-tiya domin jimar fata, ungozoma na ƙulle kaɗan a gefen zane saboda mai jego, tsohuwa kuwa na ajiye ta cikin ƙwarya domin ranar da cikin jika zai ɓaci. Kowa ya san ta da bauri, wannan ɗanɗano da ke tattare baki har harshe ya yi kamar an tsuke shi da zare. Amma mutane kaɗan ne suka taɓa tsayawa su tambayi kansu abin da ya haɗa fatar akuya da cikin ɗan Adam, har abu guda ya zama yana yi wa dukansu aiki.

Akwai wani mutumen Maraɗi da ya share shekaru yana juya wannan tambaya a ransa. Ɗan majemi ne, ya tashi cikin warin majema, yana daka bagaruwa a turmi tun hannunsa bai gama riƙe taɓarya ba. Mahaifinsa na jeme fatun jar akuyar Maraɗi, waɗanda laushinsu da ƙarfinsu suka yi suna tun zamanin da ayari ke ratsa Sahara da irinsu, har Turawa suka riƙa kiran su fatar Maroko saboda ta can suke isa gare su. Da aka ɗauki yaron lakkol sai Allah ya ba shi kai, ya wuce lise, ya wuce jami'a a Yamai, ya komo yana koyar da shimi, wato ilimin sinadarai da yadda suke haɗuwa. Tun daga nan sunansa ya ɓace a unguwa, yaro da babba kowa Mushe yake ce masa.

A can ne ya sami sunan abin da ke sa bauri. Masana na ce masa tanin, kuma bagaruwa na cikin itatuwan da suka fi kowane tara shi: idan an cire ƙwayoyin, tanin na iya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin busasshen kwanso. Halinsa shi ne ya kama furotin, sinadarin da ke gina nama da fata, ya ɗaure shi tamau. Ɗanyar fata idan ta sha ruwan bagaruwa, zaruruwanta na ɗauruwa da juna har ruɓa ta rasa ta inda za ta shiga. A baki, tanin na kama furotin ɗin da ke sa miyau santsi, shi ne baurin da ake ji. A cikin hanji kuwa yana tattare fatar ciki, ruwan da ke tsattsafowa ya ragu, zawo ya lafa. Haka nan a ɗakunan bincike an sha gwada ruwan bagaruwa a kan ƙwayoyin cuta da aka shuka cikin faranti, aka ga yana hana da yawansu yaɗuwa, ko da yake abin da ya faru a faranti ba lalle ne ya faru haka cikin jikin mutum ba.

Kowace shekara Mushe kan shiga aji da ƙwaryar jiƙon bagaruwa da tsohuwar ƙusa mai tsatsa. Ya jefa ƙusar, a ci gaba da darasi, kafin a tashi ruwan ya fara rinewa ya koma baƙi. Sai ya gaya wa ɗalibai cewa dukawa sun riga littafi sanin wannan, domin kulokon da suke haɗawa da kashin maƙera suna baƙanta fata da shi, ƙarfe ne ke gamuwa da tanin ɗin da jima ta bari. Daga nan ya kawo musu abin da ya fi muhimmanci: tanin na kama ƙarfen da ke cikin abinci kamar yadda ya kama na ƙusa, ya hana jiki amfana da shi. Saboda haka mace mai juna biyu da aka ba ƙwayoyin ƙarin jini, idan tana kora su da jiƙon bagaruwa ko da kakkauran shayi, tana rage amfaninsu da hannunta ba tare da ta sani ba.

Duk wannan sani na allo da alli ne, sai a 1994 ya shigo masa gida. Ranar 12 ga watan Janairu na wannan shekara aka karya darajar sefa, tamma guda ta Faransa da ake canzawa dala goma ta koma dala ashirin. Kusan duk maganin farmasi daga waje yake zuwa, sai kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo, a daidai lokacin da ma'aikatan gwamnati ke yin wata da watanni ba su ga albashi ba. Mutane da yawa suka riƙa ninke ordonansi su sa aljihu, su nufi rumfar mai saiwoyi. Cikin wannan hali ne, da bazara, ɗiyar Mushe mai wata goma ta kamu da zawo. Kakarta ta jiƙa bagaruwa ta ɗura mata, kuma lalle zuwa la'asar zawon ya ragu. Sai dai da uban ya komo daga aiki ya tarar da idanun yarinyar sun zurma, tana kuka ba hawaye.

Tsohuwar, wadda ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda ɗan fari ne, ta ga yadda yake kallon ƙwaryar, ta ce: “Kai wannan, da karatunka na Nasara, da me aka raine ka in ba da ita ba?”

Ya durƙusa ya ce: “Inna, gaskiyarki, tana ɗaure ciki, ni shaida ne. Amma ruwan da ya riga ya fita daga jikinta, bagaruwa ba ta mayar da shi. Don Allah ki taɓa maɗigarta ki ji.”

Ta taɓa, ta ji ta faɗa, ta yi shiru. Ya tafasa ruwa litir guda ya bari ya huce, ya zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali, ya ce a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan, kuma kada uwar ta fasa ba ta nono. Tsohuwar da kanta ta karɓi cokalin ta kwana zaune, da safe aka kai yarinyar gidan likita. Ta rayu. Dalilin haɗin nan sananne ne tun shekarun 1960: sukari na jan gishiri ya ratsa fatar hanji, ruwa kuma ya bi su zuwa cikin jini. Abin da ke kashe yaro mai zawo ƙarewar ruwan jiki ne, shi ya sa likitoci ke hana ba ƙananan yara duk abin da ke ɗaure ciki, na farmasi ko na daji. Tun 2004 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙara da shawarar a haɗa da ƙwayar zinki har kwana 10 zuwa 14.

Abin da ya tsaya wa Mushe a rai bayan wannan dare shi ne batun awo. Ya tuna cewa mahaifinsa bai taɓa yarda da bagaruwa ido rufe ba. Ta fadama daban, ta tudu daban. Wadda aka kaɗo ɗanya daban da wadda ta bushe a bisa icce. Wadda ta shekara a rumbu ta sha damshi ƙarfinta ya ragu. Tsohon kan tauna kaɗan ya ji baurinta, sa'an nan bayan kwanaki ya yanki gefen fatar ya duba ko jima ta ratsa har tsakiya. In ba ta ratsa ba ya ƙara, in ta yi yawa fatar ta ƙandare ya san ya yi hasara. Majemi na da inda zai yanka ya duba. Mai ɗura wa jinjiri jiƙo ba ya da wannan dama, kuma ƙwarya biyu masu launi ɗaya na iya bambanta ƙwarai wajen ƙarfi.

Tarihin magunguna cike yake da wannan darasi. Maharban ƙasar Hausa sun daɗe suna dafa ƴaƴan kwankwani su shafa a bakin kibiya, naman da aka harba ya yi ƴar tafiya zuciyarsa ta tsaya. Wani ɗan'uwan kwankwani da ke fita a gabashin Afirka ya shiga hannun wani likitan Birtaniya mai suna John Kirk, a tafiyar da suka yi da Livingstone a kogin Zambezi tsakanin 1858 da 1864. A 1885 Thomas Fraser na jami'ar Edimbara ya gabatar da sinadarin da ya tace daga ƴaƴan iccen a matsayin maganin raunin zuciya. Dafin kibiya da maganin zuciya abu guda ne, ma'auni kaɗai ya raba su. Tumfafiyar da ke bayan kowane gari ma tana ɗauke da dangin wannan sinadari cikin farin ruwanta, wanda ke iya lahanta ido in ya fantsama, ya kuma rikita bugun zuciya in an sha.

Haka labarin maganin masassarar cizon sauro yake. Ɓawon iccen kinkina na tsaunukan Amurka ta Kudu ya yi kusan shekara 200 ana shan garinsa a Turai, wani ya warke wani ya mutu, domin ba wanda ya san yawan abin da ke cikin kowane sassaƙe. Sai a 1820 wasu masu farmasi biyu na birnin Paris, Pelletier da Caventou, suka fitar da kinin tsantsa, aka sami abin ɗorawa a ma'auni. A ƙasar Sin kuma, wata masaniya mai suna Tu Youyou ta karanta cikin wani littafi na ƙarni na 4 cewa jiƙa wata ciyawa ake yi a matse ruwanta, ciyawar da ke ƴar'uwar tazargade ce. Ta fahimci cewa zafin tafasa na iya lalata maganin, ta sauya hanyar tacewa, a 1972 aka sami artemisinin, wanda shi ne ginshiƙin magungunan masassara na yanzu. A 2015 aka ba ta kyautar Nobel. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan shan ganyen a matsayin shayi, saboda ƙarfinsa na bambanta daga gona zuwa gona, kuma maganin da bai kai awo ba yana koya wa ƙwayar cutar jurewa.

Ba sai an tafi nesa ba kafin a ga abin koyi. A Bamako, tun 1968 ƙasar Mali ta kafa ma'aikatar binciken magungunan gargajiya, wadda ta ɗauki itatuwan da ake da su a nan ma ta gwada, ta auna, ta ƙulle cikin takarda mai rubutu. Filasko, wanda sinadarinsa ke motsa babban hanji, ya zama maganin bushewar ciki. Nonon kurciya ya zama maganin atuni. Geza ta shiga maganin rashin narkewar abinci. An sa su cikin jerin muhimman magungunan ƙasar, ana sayar da su a farmasi, kowace ƙullin da nauyinta da yawan ruwan da za a dafa ta da shi. Masu saiwoyi suka kawo sani, masu ma'auni suka kawo awo, da ma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mushe ya ajiye alli shekaru da suka wuce, amma bai bar jayayya da ɓangarori biyu ba. Tsofaffin abokan aikinsa masu raina duk abin da ya fito daga rumfar mai magani, yakan tuna musu cewa kinin sassaƙe ne kafin ya zama ƙwaya. Masu cewa abin daji ba ya cutarwa tun da Allah ne ya tsiro da shi, yakan tambaye su wa ya tsiro da kwankwani. A ganinsa, duk iccen da ke iya warkarwa yana da ƙarfi, duk abin da ke da ƙarfi kuwa yana iya ɓarna, kuma girmama sanin iyaye shi ne a gwada shi, tun da sai an gwada akan san na ƙwarai.

To, jama'a masu karatu, ƴan kasuwa sun fi kowa sanin darajar awo. Ba mai sayen hatsi ba tiya, ba mai yankar yadi ba ma'auni, ba mai karɓar canji bai ƙirga ba. Abin mamaki ne a ce maganin da za a ɗura wa ɗan cikin mutum shi kaɗai ake saye da ƙiyasin ido, cikin butalin da ba rubutu, daga bakin mai lasifika da ke cewa abu guda na maganin cuta arba'in. Haƙƙin mai saye ne ya tambayi sunan iccen, da ɓangaren da aka ɗiba, ko saiwa ko ganye ko ɓawo, da yawan da za a sha, da kwana nawa, da wanda bai kamata ya sha ba. Mai maganin ƙwarai ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, domin yana da amsarsu. Ma'aikatan lafiya da malaman jami'a kuwa, nauyinsu ne su zauna da tsofaffin da suka san daji tun suna raye, a rubuta, a tace, a auna, a ware abin da ke aiki a sa masa takarda da farashin da talaka zai iya. Bagaruwa da sabara da filasko suna nan tsaye a bakin gulbi da cikin gonaki, suna jiran wanda zai zo musu da ma'auni.