Curin Ɓaure a Kan Maruru

Shekara biyu ke nan ina shan maganin ciwon damuwa, amma ko a taron addu'a ban taɓa faɗa ba. A Kano, da zarar an ji ka ambaci likitan ƙwaƙwalwa, sai a ce wane ya kusa Dawanau. Saboda haka na yi shiru.

Da maganin farko ya kasa shi kaɗai, likita ya ƙara mini da olanzafin. Barci ya dawo, kukan dare ya ragu. Amma jikina ya yi nauyi, ci ya ƙaru, tufafina suka matse ni, har tattakin da nakan yi daga gidanmu a Gwammaja zuwa gindin Dutsen Dala ya gagare ni. Da aka auna sukarin jinina, likita ya ce za a sauya mini zuwa arififirazol, a riƙa rage tsohon sannu a hankali. Bai ɓoye mini ba cewa sabon yakan hana waɗansu zama wuri ɗaya, yakan kuma rage barci.

A daren nan tsoro ya kama ni. Idan duhun ya dawo fa? Na ce a raina, da bangaskiyata ta isa, da ban bukaci ƙwaya ba sam. Har na yi niyyar zubar da su duka.

Labarin Sarki Hezekiya, a 2 Sarakuna sura 20, shi ya tsai da ni. Ya yi addu'a da hawaye, Allah ya ji, ya ƙara masa shekara 15. Duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurunsa. Allah ne ya warkar, amma bai rena ɓauren ba.

Na karɓi sabon maganin. A makon farko ƙafafuna suka ƙi natsuwa. Na koma na gaya wa likita, ya daidaita awon, abin ya lafa.

Idan kana kan wannan hanya, kada ka yanke magani farat ɗaya, gama ciwon yana iya dawowa da ƙarfi. Rubuta abin da jikinka yake ji, ka kai wa likitanka. Ka nemi ɗan'uwa guda mai riƙon asiri, ku riƙa durƙusawa tare. Ni har yanzu nakan ji tsoro, amma kowace safiya ina yin godiya kafin in haɗiyi ƙwayar. Ubangiji ya riƙe ka. Amin.