Tsohon Injin Yayanmu

Shekara bakwai injin yankan katakon marigayi yayanmu, Stihl 070, yana jibge bayan shago, tsatsa na cin sa. A daminar bana gawa ta jira a maƙabarta, yara na fama da gatari wajen itacen rufe kabari. Mu da muka ja sallar, kunya ta kama mu.

Muka wanke kabureta da fetur, muka shiga Lafiya neman fulogi da sarƙa. Sarƙar farko jabu ce, kuɗinmu sun tafi. Da ƙyar dai ya yi tari ya kama, hayaƙi ya turnuƙe zaure.

Masu gawayi sun zo haya sau biyu, mun hana. Ƙirya nawa ta rage a dajin Doma? Yana ɗakin ajiyar masallaci, makulli na hannun ladan.