Daga Tawa zuwa arewacin Adar: kundin hotuna mai yawo

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, wanda ya fita Tawa ya nufi Kalfu ko Barmu, ko ya yi gabas zuwa Tamaske da Keita, ya san Adar ƙasar dutse ce. Tuddai a sama, garakan albasa a cikin kwari. Da damana in ƙorama ta kawo, mota sai ta tsaya jira. Da rani maza sun tafi bida Abijan ko Najeriya. Mata da yara ke gida. In zawo ya kama yaro da dare, gidan likita na nesa.

Babban asibitin jiha yana Tawa. Can ma ma'aikatan lafiya na gwamnati da na ƙungiyoyin agaji suke gamuwa. A cikin kayan aikinsu akwai kundin hotuna. Babban littafi ne da ake ɗagawa a gaban taro. Hoto yana fuskantar jama'a, bayani yana baya, wajen mai karantawa. Gani ya kori ji. Bahaushiya da Bafulatana da Ba'abziniya duk suna gane hoto ɗaya.

Wannan aiki ya daɗe. Tun shekarun 1960 aka fara horar da ƴan agajin ƙauye da ungozoma a jihar Maradi, abin ya bazu cikin ƙasa. Littafin da David Werner ya rubuta a 1973 don ƙauyukan Meziko marasa likita, an juya shi cikin harsuna da yawa. A Dakar aka buga na Faransanci.

Mun ga amfanin irin wannan koyarwa. Dattawan Adar sun san kurkunu, mai kwantar da manomi lokacin noma. Ba allura ta kore shi ba, don ba shi da allura. Ƙyallen tace ruwa ne, da ruwa mai tsabta, da bayani gari gari. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida babu kurkunu a Nijar.

Ga darasi biyu daga cikin kayan koyarwar.

Na farko, ruwan zawo. In babu ƙunshin gidan likita, a samu lita 1 ta ruwa mai tsabta. A zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa ba yaro kaɗan kaɗan, kar a hana shi nono, a kama hanyar likita.

Na biyu, ma'aunin dantse na yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. Tsanwa lafiya. Rawaya a kai shi awo. Ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani. A kai shi ranar nan.

To, kundin da aka kulle a ofis a Tawa ba ya ceton kowa a Takanamat. Muna roƙon ma'aikata: wanda ke da shi ya ara wa ɗan'uwansa. A juya bayanin da Hausa da Tamajak da Fulatanci. A aje ɗaya a kowace makarantar yaƙi da jahilci.

Ku kuma da kuka iya karatu, ku kwafi darussan nan a takarda. Ku karanta wa mata a bakin rijiya, ku karanta wa makiyaya a mashaya. Allah ya ba mu lafiya, amin.