Iniesta a Ma'aunin Salula

Ɗan yayana ne ya ja ni cikin wannan gardama. Muna zaune a fada bayan sallar isha'i, shayi na bisa wuta, sai na ce a duk 'yan wasan tsakiya da idona ya gani babu kamar Andres Iniesta na Sifaniya. Yaron ya yi dariya, ya zaro salula.

"Baffa, bari mu auna," in ji shi.

Ya buɗe Instagram ya nuna mini. Mabiyan Cristiano Ronaldo sun haura miliyan 600, na Iniesta ko kashi ɗaya cikin goma na wannan ba su kai ba. Daga nan ya shiga Google Trends, wanda ke nuna yawan neman suna a intanet. Shi wannan ma'auni ba ya faɗin adadin mutane. Lokacin da aka fi neman sunan shi yake ba maki 100, sauran lokuta kuma ya gwada su da shi. Layin Iniesta ya yi tsalle a Yulin 2010, ya sake ɗagawa a 2018 da ya bar Barcelona ya tafi Vissel Kobe ta Japan. Tun da ya yi ritaya a Oktoban 2024 kuwa, layin na kwance kamar gulbin Maraɗi da rani.

Ban musa ba, don lissafin ba ƙarya ba ne. Amma na kwana abin yana cina.

Ran 11 ga Yulin 2010, mu fiye da talatin muka yi cincirindo gaban talabijin ɗaya a ƙofar wani mai shago, janareta na ta ƙugi. Sifaniya da Holan ne a wasan ƙarshe na kofin duniya. A minti na 116 Iniesta ya zura ƙwallo, ya cire riga, sai ga sunan Dani Jarque a jikin singiletinsa, abokinsa kyaftin ɗin Espanyol da ya rasu a 2009. Yayana, wanda ban taɓa ganin hawayensa ba, ya share ido ya ce mutumin da ya tuna da mamaci a irin wannan lokaci ɗan halak ne. Daga ranar bai ƙara yarda a aibata Iniesta a gabansa ba, alhali shi ɗan Real Madrid ne na gani-kashe-ni.

A cikinmu babu wanda ya nemi sunan a Google daren nan. Wayoyinmu na kira ne da tocila. Yayana har Allah ya karɓi ransa bai buɗe shafi ko ɗaya a intanet ba, saboda haka ba ya cikin mabiyan da aka ƙirga, ba ya cikin layin nan mai hawa da sauka.

Washegari na ba yaron wannan labari. Na faɗa masa shi ma yana wurin, yana ɗan shekara uku, yana barci a kafaɗar ubansa, kuma ihun da aka yi ne ya tashe shi da kuka.

Ya yi shiru. Can ya lalubo bidiyon ƙwallon a YouTube, ya kalla sau biyu, sannan ya miƙo mini salular.

"Baffa, ta wane gefe Baba ya zauna?"