Takardar Baƙunci da Takardar Zama

Ni akawu ne a ofishin Hakimi cikin ƙasar Katsina, aikin da mahaifina ya riƙe tun zamanin En'e. Na sauke Alƙur'ani, na kuma gama firamare, yau shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina cin abinci da alƙalami. Kowa ya sami wasiƙa a unguwarmu ni ya kan kawo wa in karanta masa, har na riƙa ji a raina babu takardar da za ta gagare ni. To, ga labarin ranar da Allah Ya nuna mini iyakata, a bakin iyakar ƙasa kuwa.

Cikin shekarar 2018 ƙanena ya ƙudura niyyar ƙaura zuwa Maraɗi, inda dangin matarsa suke, domin ya buɗe kanti. Ba shi da wata dukiya sai mota ƙirar Peugeot wadda ya saya da rabonsa na gadon mahaifinmu, da ɗan jarin da ya yi shekara biyar yana tarawa. Da ya tura iyalinsa da kayan ɗaki gaba, sai ya zo ya durƙusa ya ce, "Yaya, kai ne mai karatu. Duba mini takardun motar nan, ko sun isa in ƙetare da ita?"

Na baje su bisa tabarma. Ga lasin tuƙi, ga takardar mallaka, ga inshora, ga kuma takardar kwastan mai shaida cewa an biya kuɗin fito ran da motar ta shigo Nijeriya. Na ce masa, "Kome ya cika. Mu a ofis, wanda ya nuna rasit ba a karɓar kuɗinsa sau biyu." Ban tsaya na tuna ba cewa rasit ɗin baitulmali ɗaya ba ya biyan bashin wani baitulmali.

Abin da ya ƙara ruɗe ni shi ne, mu Katsinawa ba mu ɗauki Maraɗi wata ƙasa ba. Tsakaninmu bai kai kilomita 100 ba. Sarakunan Katsina na dauri ne suka kafa mulki can bayan jihadi, har yau kuwa Sarkin Katsina ake ce da sarkinsu. Harshe ɗaya, addini ɗaya, aure ya sarƙe ko'ina. Amma tsakanin 1906 da 1908 Turawan Ingila da na Faransa suka bi daji suna kafa alamun iyaka, tun daga nan kowane ɓangare ya tashi da dokarsa, da kuɗinsa, da harshen da ya ke rubuta takardunsa.

Ranar tafiya na raka shi. Muka fita Katsina da sassafe, muka gama da ma'aikatanmu a Magamar Jibiya, muka isa Ɗan Isa, inda 'yan duwan suke, watau kwastan na Nijar. Kafin mu shiga sai wani saurayi, irin masu tsayawa bakin ofis suna neman na goro, ya raɗa mini cewa in an tambaye mu mu ce ziyara, ya fi sauri, ya fi araha. Ma'aikacin ya dubi takardunmu, ya tambaye ni da Hausa tsantsa, "Malam, ziyara za ku ko zama?" Na ce, "Ziyara." A zuciyata ina cewa ai duk ɗaya ne, tun da motar ta shiga.

Ya rubuta wata takarda wadda su ke kira lesefase, ya buga hatimi, ya miƙo mini. Na duba, na juya, na sake dubawa. Baƙaƙen duk na san su, su ne a, ba, ca, da ɗin da muka koya, amma ko kalma guda ban gane ba, gama da Faransanci aka rubuta. Ga mutumin nan zaune gabana yana jin Hausa, da na tambaye shi da ya gaya mini. Amma ƙanena na tsaye yana kallona, sai kunya ta hana ni in ce ban iya ba. Na ninke ta na ba shi, na ce, "Shi ke nan, adana ta da kyau."

Bayan wata huɗu sai ga saƙo cewa jandarmomi sun tsai da shi a hanyar Tasawa, an kai motar harabar duwan an ajiye. Na roƙi izini wurin Hakimi na tafi. Surukin ƙanena ya kai mu wurin wani dattijo, tsohon malamin ofis, wanda ya sa tabarau ya karanta takardar, ya ɗora yatsa bisa wani layi ya ce, "Ɗana, ga ranar da wa'adinta ya cika nan. Ai ta daɗe da mutuwa."

Sa'an nan ya warware mana zancen daki-daki. Ya ce ƙofa biyu mota ke shiga ƙasa ta cikinsu. Ta fari ƙofar baƙunci ce. Cikin yarjejeniyar da ƙasashen ECOWAS suka sa wa hannu a Dakar a 1979, an yarda motar gida mai lambar wata ƙasar ƙungiyar ta shiga ta zauna har kwana 90, motar haya kuwa kwana 15, muddin mai ita yana riƙe da lasin tuƙi, da shaidar mallaka, da inshora, da takardar kwastan. Ba a karɓar mata kuɗin fito, domin an ɗauka za ta koma inda ta fito. Ta biyu ƙofar zama ce. Wanda ya ƙaura, lalle ne ya kai motarsa duwan a ƙiyasta darajarta, ya biya fiton wannan ƙasa, kana a yi mata sabuwar takardar mallaka, wadda su ke kira kart giriz, a sa mata lambar ƙasar, a yanka mata inshorar can. Ya ce, "Baƙo raɓa ne. Ku kuwa kun shigo da takardar raɓa, kuka kafa gida."

Ba mu da bakin magana, gama ba wanda ya zalunce mu. An tambaye mu, mu muka ba da amsa. Ƙanena ya biya fito, ya biya tara, ya biya kuɗin sabuwar lamba. Kafin motar ta fito, fiye da rabin jarinsa ya tafi, kantin da ya yi niyyar buɗewa da kaka bai buɗu ba sai wata shekara. Da na ba shi haƙuri sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Yaya, ƙaddara ce." Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Saboda haka, 'yan'uwa, wanda duk zai ƙaura da mota, tun yana gida ya tambayi nawa fitonta zai kama a can. Ya auna, watakila ya ga gara ya sayar da ita nan ya sayi wata in ya isa. In an tambaye shi a iyaka ya faɗi gaskiya. Kada kuma ya dogara da cewa zai riƙa komowa yana sabunta takardar baƙunci, gama iyaka ba kullum ta ke buɗe ba. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agusta 2019, ba ta fara buɗe su ba sai Disamba 2020. An sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023. A Janairu 2025 kuwa Nijar ta fita daga ECOWAS, don haka abin da wani ya gani bara ba shi ne hujja bana ba, sai mutum ya je ofis ya ji da kunnensa.

Ku da kuka yi yaƙi da jahilci kuna da furfura kun riga kun san abin da ni na manta a Ɗan Isa. Ran da kuka fara shiga aji, sai da kowannenku ya haɗiye kunya ya ce bai iya ba, sa'an nan ya iya. Kada takardar shaidar da kuka samu ta raba ku da wannan hali. Duk takardar da aka miƙo muku, da kowane harshe ta ke, kada ku ninke ta sai kun san abu uku: mene ne ta ba ku, mene ne ta hana ku, yaushe kuma za ta ƙare. Matambayi ba ya ɓata.

Ƙanena yana nan Maraɗi, kanti ya kafu, alhamdu lillahi. In ya zo Katsina da Salla, motar nan ta mahaifinmu da lambar Nijar ta ke zuwa, shi ne kuma ke yankar mata takardar baƙunci a Magama. Ya kan kawo mini in karanta masa, ni kuwa ranar cikar wa'adi na ke fara nema. Allah Ya sa mu dace, amin.