Sasebo, Inda Mutum-mutumi Ya Zama Mai Masauki

A wannan wata za mu leƙa ƙasar Japan, can birnin Sasebo da ke lardin Nagasaki a bakin teku. A gefen birnin akwai wani makeken wurin shaƙatawa mai suna Huis Ten Bosch, wanda aka buɗe a 1992. An gina shi kamar wani gari na ƙasar Holan, ga gidajen jan bulo, ga magudanan ruwa da jirage ke bi, ga furanni iri-iri.

A wannan wuri ne aka buɗe wani otal a watan Yuli na 2015, mai ɗakuna 72, aka sa masa suna Henn na, wato abin al'ajabi. Sunan kuwa ya dace da shi, domin a lokacin mutum-mutumi ne ke tarbar baƙi. Ɗaya an yi ta da siffar budurwa tana Japananci, ɗaya kuma da siffar dodon ƙadangaren nan na zamanin da, sanye da hula, yana Turanci. Wani hannun ƙarfe ke ajiye jakunkuna, wani keke mai tuƙa kansa ke kai kaya ɗaki, ƙofa kuma fuskar baƙo take dubawa ta buɗe, ba ruwanka da makulli. Dalilin masu otal shi ne a rage kuɗin albashi, ga shi kuma a Japan tsofaffi na ƙaruwa, matasa masu aiki na raguwa.

Da fari jama'a sun yi ta tururuwa don kallo da ɗaukar hoto, har kundin Guinness ya rubuta shi a matsayin otal na farko mai irin waɗannan ma'aikata. Amma mai kallo daban, mai kwana daban. A lokacin, a kowane ɗaki akwai wata 'yar tsana mai suna Churi, mai kunna fitila da amsa tambaya. Idan baƙo ya yi minshari sai ta ɗauka magana yake mata, ta tashe shi cikin dare tana cewa ya maimaita. Dodon da ke tarbar baƙi bai iya ɗaukar hoton fasfo ba sai an kira mutum. Keken kaya kuwa kaɗan daga cikin ɗakunan yake iya kaiwa. A farkon 2019 aka ji labarin an sallami fiye da rabin mutum-mutumi 243 da ke wurin, saboda aikin da suke jawo wa mutane ya fi wanda suke ragewa.

Mu 'yan zango mun san harkar masauki tun kaka da kakanni. Fataken goro da ke sauka Salaga da Kumasi, maigida ne ke ba su ɗaki, ya adana musu kaya, ya yi musu tafinta, ya nemo mai saye, ya tsaya musu idan rigima ta tashi. A cikin ayyukan nan, ajiyar kaya da buɗe ƙofa na'ura ta iya, baƙin Sasebo ma sun karɓa hannu biyu. Inda suka ƙi yarda shi ne inda baƙo ke bukatar a gane damuwarsa. Dama Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Yaranmu da ke aiki a otal-otal na Ankara da Kumasi su riƙe wannan, su koyi kwamfuta da harsuna, su kuma riƙe fara'a da haƙuri da baƙo. Allah Ya kai mu wata mai zuwa lafiya.